Tsakanin Kwami Da Dam: Hanyar Da Samarin Kankiya Da Kusada Za Su Bi Su Iya Iyon Gasa

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina cikin watan Afrilu, sa'ad da bazara ta tsananta, idan ya ratse a Kankiya ya nufi dam ɗin Kafin Soli, ko kuwa ya yi gabas ya gangara na Kusada, da wuya ya rasa ganin yara da samari a bakin ruwa da la'asar. Wasu sun kawo shanu su sha, wasu wanki ya kawo su, wasu kuwa ba abin da suka zo yi sai iyo. Sai ka ga yaro ɗan shekara 12 ya tuɓe riga ya faɗa ruwa tsundum, ya yi nutso ya ɓulla can nesa, alhali kuwa ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa yadda ake jan ruwa da hannu. Da rana ta yi sanyi sai ya haye keken gidansu ya taka zuwa ƙauye, in kuma keken ya yi faci a hanya ya ƙarasa da ƙafa.

Yaron nan bai sani ba, amma abubuwan nan uku da ya yi cikin yini ɗaya su ne ake haɗawa a wani wasa wanda ake ba da lambar zinariya saboda shi a Gasar Olamfik. Turawa suna kiransa tirayatalon, mu kuwa a nan za mu kira shi tsere uku a haɗe, domin ɗan wasa yakan fara da iyo, yana fitowa daga ruwa ya hau keke, yana sauka daga keke ya kama gudu, ba tare da an tsai da agogo ba ko sau ɗaya.

Keke da gudu ba baƙin abubuwa ba ne a ƙasar Katsina. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen iyo, gama wanda zai shiga wannan gasa yana bukatar ya yi horo cikin ruwa iri biyu. Akwai ruwan kwami, watau wurin iyo da aka gina da siminti aka auna tsawonsa, akwai kuma ruwan sarari, watau tafki ko dam ko kogi ko teku. Yawancin 'yan wasan Turai da Amurka a kwami suke koyo, sa'an nan su sha wuya ran da aka kai su tafki. Mu kuwa a Kankiya da Kusada al'amarin ya juye, ruwan sarari muke da shi, kwamin ne ya yi mana nisa.

ASALIN WASAN

An fara wannan wasa yadda aka san shi yanzu ran 25 ga Satumba, 1974, a bakin teku a birnin San Diyego na Amurka, inda wata ƙungiyar masu gudu ta shirya shi, mutum 46 suka shiga. Bayan shekara uku da 'yan watanni, cikin Fabrairu 1978, aka yi wani mai tsanani a tsibiran Hawai, wanda ake kira Ironman. A nan ɗan wasa yakan yi iyon kusan kilomita 4, ya taka keke kilomita 180, sa'an nan ya yi gudun kilomita 42 da 'yan kai. Mutum 15 suka fara a wannan rana, 12 suka gama, wanda ya zo na ɗaya kuwa, Gordon Haller, ya ɗauki awa 11 da minti 46.

A 1989 aka kafa ƙungiyar wasan ta duniya a garin Abinyon na Faransa, a shekarar 2000 kuma aka shigar da shi Gasar Olamfik a birnin Sidni na Ostireliya. Tsawon da aka tsayar na Olamfik shi ne iyon mita 1,500, da keke kilomita 40, da gudun kilomita 10. Akwai kuma gajere, wanda sababbin shiga suka fi farawa da shi, watau rabin wannan: iyon mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. Maza da mata duka suna yi. Daga nahiyarmu ta Afirka, Henri Schoeman na Afirka ta Kudu ya ci lambar tagulla a Olamfik na birnin Riyo a 2016.

In mai karatu ya duba waɗannan alƙaluma zai ga iyo ne mafi gajarta cikin ukun. Duk da haka shi ne ya fi haɗari. Wani bincike da likitocin zuciya suka buga a Amurka cikin 2017 ya bi sawun waɗanda suka mutu ko zuciyarsu ta tsaya a irin wannan gasa a ƙasar daga 1985 zuwa 2016. An sami mutum 135, daga cikinsu kuma 90 a cikin ruwa abin ya same su. Dalili kuwa a fili yake. Mai keke in ya gaji sai ya sa ƙafa ƙasa, mai gudu sai ya zauna a bakin hanya, amma mai iyo a tsakiyar tafki ba shi da wurin zama.

ABIN DA KWAMI KE KOYARWA

Kwamin gasa tsawonsa mita 50 ne, akwai kuma ƙarami mai mita 25. Ruwansa garai yake har ana ganin ƙasa, an ja baƙin layi a ƙasan domin mai iyo ya bi, an kuma raba shi layi-layi da igiyoyi don kada wani ya shiga hanyar wani. Ba igiyar ruwa, ba iska mai tura mutum, zafinsa kuma a daidaice yake kullum.

Amfanin kwami na farko shi ne awo. Wanda zai yi mita 1,500 ya san tsawon babban kwami sau 30 zai yi, ko na ƙarami sau 60. Saboda haka mai horarwa yana iya ce masa ya yi mita 100 sau 10, yana hutawa daƙiƙa 20 a tsakani, ya riƙe agogo ya rubuta lokacin kowanne. Bayan wata guda a sāke gwadawa a ga ko ya ƙaru ko ya ragu. Wanda ke iyo a dam ba tare da awo ba yana iya shekara biyar yana abu ɗaya, yana zaton ya ƙware, alhali saurinsa yana nan inda yake.

Amfani na biyu shi ne gyaran salo. Mai horarwa yana tsaye a bakin kwami yana ganin kowane motsi, ko hannu yana shiga ruwa daidai, ko ƙafafu suna nutsewa suna jan jiki baya. Kuskuren da ya fi yawa ga yaranmu da suka koyi iyo da kansu shi ne ɗaga kai sama kullum. Da zarar kai ya tashi sai ƙugu ya nutse, mutum ya zama kamar yana jan buhu a bayansa. Iyon gasa kuwa fuska a cikin ruwa take, a fitar da numfashi a ƙarƙashin ruwa, a juya kai gefe kaɗan a shaƙi iska, a mayar. Wannan ɗabi'a ba ta zaunawa sai an maimaita ta sau dubbai a ruwan da mutum ba ya jin tsoronsa.

Amma fa kwami yana da yaudara. A ƙarshen kowane tsawo akwai bango, mai iyo yakan doka shi da ƙafa ya sulala mita da dama ba da wahala ba, hannuwansa kuma su sami ɗan hutu. Wanda ya saba da wannan, ran da ya shiga ruwan da ba bango sai ya ga mita 1,500 ta zama masa tafiyar yini.

ABIN DA RUWAN SARARI KE KOYARWA

Babban darasin ruwan sarari shi ne miƙe hanya. Kusan kowane mutum hannunsa ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, don haka in ba layin da zai bi sai ya dinga karkacewa bai sani ba, ya ƙara wa kansa tafiya. Masu gasa sukan zaɓi wani abu tsayayye a can gaba, kamar doguwar bishiya ko gini ko alamar da aka girke bisa ruwa, bayan kowane jan hannu 6 zuwa 10 su ɗaga ido kaɗan kamar kada su dube shi, su mai da fuska cikin ruwa. In aka ɗaga da yawa ƙafa ta nutse, in aka ƙi ɗagawa a ɓace hanya.

Na biyu shi ne cunkoso. A wannan gasa ba a raba wa kowa layinsa, mutane da yawa ne ke faɗawa ruwa a lokaci guda. Wani zai doke ka da ƙafa, wani ya hau bayanka, ruwa ya shige maka hanci. Wanda bai taɓa ganin haka ba sai zuciyarsa ta tsinke, numfashinsa ya sarƙe, ko da kuwa gwani ne a kwami. Wanda ya saba kuwa yakan mai da cunkoson abin amfani, ya bi bayan ƙafar wani na gabansa ko ya manne kusa da ƙugunsa, domin na gaba ya riga ya keta ruwan, na baya sai ya rage ƙarfin da yake kashewa. Dokar gasa ta yarda da wannan a cikin ruwa.

Na uku shi ne halin ruwan kansa. Iska takan ta da igiyar ruwa ta dinga marin fuska, shi ya sa ake son ɗan wasa ya iya shaƙar iska ta dama da ta hagu, ya juya wa igiyar ƙeya. Sanyin ruwa yakan sa numfashi ya ɗauke a minti na farko. Zafi ma yana kisa. A watan Oktoba 2010 wani shahararren ɗan iyo na Amurka, Fran Crippen, ya mutu a tseren kilomita 10 a Fujaira ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, cikin ruwa mai zafi ƙwarai. Bayan haka ne hukumar iyo ta duniya ta hana yin gasar ruwan sarari in zafin ruwa ya wuce digiri 31. Wannan ya shafe mu, gama ruwan dam marar zurfi yakan yi zafi sosai da tsakar ranar bazara.

Akwai kuma fita daga ruwa. Wanda ya yi rabin awa a kwance yana iyo, in ya miƙe tsaye farat ɗaya sai jiri ya ɗebe shi, ga shi kuwa dole ya ruga inda kekensa yake. Shi ya sa masu wannan wasa ba su cika buga ƙafa da ƙarfi a ruwa ba, suna tanadinta domin keke da gudu, sai an kusa gaɓa su ƙara bugawa don jini ya sauko.

MISALI BIYU DAGA AFIRKA

Mutum biyu daga nahiyarmu sun isa su nuna mana abin da ake nufi, ko da yake dukansu 'yan iyo ne zalla. Na farko shi ne Eric Moussambani na ƙasar Ikwatoriyal Gini. Ya je Olamfik na Sidni a 2000 bayan 'yan watanni da fara koyo a ƙaramin kwamin wani otal a birnin Malabo, bai taɓa ganin kwami mai mita 50 ba sai da ya isa can. An kori abokan tserensa biyu saboda sun yi riga malam masallaci wajen tashi, ɗayansu ɗan Jamhuriyar Nijar ne, sai ya yi mita 100 shi kaɗai cikin minti 1 da daƙiƙa 52, ya ƙarasa da kyar, alhali wanda ya ci zinariya a daƙiƙa 48 ya yi ta. Bayan ya sami horo mai tsari sai ya rage lokacinsa zuwa ƙasa da minti 1, daga baya ma ya zama mai horar da 'yan iyon ƙasarsa. Ashe ƙarfin yana nan tun farko, wurin horo da mai koyarwa ne babu.

Na biyu shi ne Usama Malluli na Tunisiya. Ya ci zinariyar mita 1,500 a kwami a Olamfik na Bejin a 2008, sa'an nan a Landan a 2012 ya ci zinariyar kilomita 10 a cikin tafki. Saurin da ya gina a kwami shi ya ɗauka ya kai tafki, ya ƙara masa dabarun ruwan sarari.

YADDA AKE RABA LOKACI

A ƙasashen da wasan ya kafu, abin da masu horarwa suka saba yi shi ne su bar mafi yawan aiki a kwami. Wanda ke iyo sau uku a mako yakan yi biyu a kwami, ɗaya na gyaran salo ɗaya na sauri da juriya, na ukun kuma a ruwan sarari, musamman in gasa ta rage makonni kaɗan. In babu halin zuwa tafki sai su kawo tafkin cikin kwami. Sukan juya kafin su kai bango don kada su doka shi, su ajiye wani abu a bakin kwami suna leƙensa, su shiga layi ɗaya su uku ko huɗu don su saba da gogayya, wani lokaci ma su rufe ido na ɗan jan hannu kaɗan su ga ɓangaren da suke karkata.

To, tun da su suna iya kawo tafki cikin kwami, ba abin da zai hana mu kawo kwami cikin dam. Manyan wuraren iyo na gasa a ƙasar nan a manyan birane suke, kamar na filin wasa na Surulere a Legas wanda aka yi amfani da shi a Wasannin Afirka na 1973, da na Abuja na wasannin 2003. Sauran kuwa yawanci a otal-otal suke da wasu manyan makarantu. Saurayin Kusada ba zai iya zuwa Katsina ko Kano sau biyu kowane mako ba. Amma yana iya samun awo a bakin ruwan garinsu.

Ga yadda za a yi. A nemi izinin hukumar da ke kula da dam tukuna, domin wasu madatsun ruwan sha ne na jama'a. A zaɓi wuri mai zurfin ƙirji, nesa da bakin magudanar da ruwa ke fita. A sa masunta su bincike ƙasan wurin, su tabbatar ba kututture, ba tsohuwar raga, ba ƙugiyoyi, ba rami. A kafa turke biyu, tsakaninsu mita 50 daidai, a bi gefen gaɓa da su, kada a nufi tsakiyar ruwa. A ɗaura igiya tsakanin turakan, a jera mata jarkokin da ba kome a ciki an toshe bakinsu. Shi ke nan an sami layin bi, an sami awo, an kuma sami abin kamawa in an gaji. Mutum ɗaya ya tsaya da agogo da littafi, wani kuma ya zauna cikin kwale-kwale.

A wannan layi za a yi aikin kwami sau biyu a mako. Rana ta uku sai a girke jarkoki uku masu launi a kusurwa uku, a kewaye su a ƙungiya, kwale-kwale na biye, don koyon miƙe hanya da juyawa da cunkoso. Sa'an nan ko da sau ɗaya a wata a yi karo-karo a tafi birni a shiga kwami na gaske, inda ruwa ke garai, wanda ya iya ya dubi salon kowa ya gyara masa, a dawo gida a yi ta maimaitawa.

Lokutan shekara ma za su taimaka wajen rabon. Da damina ruwa yakan yi ja, ya ƙaru dare ɗaya, ga tsawa, saboda haka a janye daga dam, ko hadari ne ya taso a fita nan take. Da kaka, wajen Oktoba da Nuwamba, dam ya cika ya kwanta, wannan shi ne lokacin ruwan sarari. Da hunturu ruwa ya yi sanyi, hazo kuma ya rufe alamomin da ake dubawa, sai a ba da ƙarfi ga keke da gudu da ziyarar kwami. Da bazara ruwa ya ja baya ya bar taɓo, sai a yi iyo da sassafe kafin ya ɗumama.

NUTSEWA DA TSARGIYA

Ba zai yiwu a yi wannan magana a tsallake abin da ke zukatan iyaye ba. Uwa da ta hana ɗanta zuwa dam tana da hujja, gama kusan kowane gari mai tafki ko kududdufi yana da labarin yaron da ruwa ya ci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kimanin 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a duniya cikin 2021, yara da matasa kuma suna da kaso mai yawa a ciki. A shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ran 25 ga Yuli ta zama ranar yaƙi da nutsewa. Ba mu manta ba kuma da abin da ya faru ran 30 ga Nuwamba, 2021, a dam ɗin Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, inda jirgin ruwa ya kife aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Allah ya ji ƙansu.

Sai dai hani kaɗai bai hana yara zuwa ruwa ba, sai dai ya sa su tafi a ɓoye, inda ba babba ko ɗaya. Ya kamata kowa ya sani cewa mai nutsewa ba ya cika yin ihu ba, domin bakinsa na neman iska ne, yakan tafi shiru cikin ɗan lokaci. Wanda ya gan shi kuma kada ya faɗa ya rungume shi in ba a horar da shi ba, domin sau da yawa ruwa yakan haɗa da mai ceto. A miƙa masa gora ko a jefa masa igiya ko jarka. Dokar farko ta masu iyon sarari a ko'ina cikin duniya ita ce kada mutum ya shiga shi kaɗai, kome gwanintarsa. Babba kuma wanda ke da ciwon zuciya ko hawan jini ko farfaɗiya ya ga likita kafin ya fara.

Haɗari na biyu ba a ganinsa da ido, shi ne tsargiya. Wata 'yar tsutsa ce ke kawo ta, wadda ke girma cikin ƙananan katantanwa masu zama a ciyayin bakin ruwa. In ta fito daga katantanwa sai ta huda fatar mai wanka ko mai wanki ta shiga jini, bayan wani lokaci a fara ganin jini a fitsari. In mai ciwon ya yi fitsari a ruwa sai ƙwayayen su koma ga katantanwa, abin ya yi ta zagayawa. A wasu wurare ana ɗaukar fitsarin jini alamar balaga ga yaro namiji, wannan kuwa kuskure ne babba, domin in aka bar cutar takan lalata mafitsara da ƙoda. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi fama da ita a duniya. Tsutsar ta fi fitowa da tsakar rana, saboda haka iyon safe da nisantar ciyayi suna rage haɗarin, amma ba su kawar da shi. Maganinta, mai suna Praziquantel, yana nan a asibitoci, ana kuma raba shi a makarantu. Duk wanda ke shiga dam a kai a kai ya dinga kai fitsarinsa gwaji.

Kada a ce mu kaɗai ke da matsalar tsabtar ruwa. Faransa ta kashe kuɗi kimanin Yuro biliyan 1.4 wajen tsabtace kogin Sen na birnin Faris saboda Olamfik na 2024, duk da haka sai da aka ɗaga tseren maza daga ran 30 zuwa 31 ga Yuli, domin gwaji ya nuna ruwan bai yi kyau ba. Abin koyi a nan shi ne ba su shiga ba sai da suka gwada.

ABIN DA YA RAGE A YI

Iyo ba baƙo ba ne ga al'adunmu. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, akwai wasannin kabanci, inda ake gasar iyo da nutso da tseren kwale-kwale da kamun agwagwar ruwa, Sarkin Ruwa kuma na tsaye a kan lamarin. Malamanmu ma sukan kawo cewa Sayyidina Umar ya kwaɗaitar da a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Abin da ya rage shi ne tsari.

Ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada suna iya keɓe wuri ɗaya a bakin kowane dam, su sa masa igiya da alama, su ɗauki masunta biyu ko uku a horar da su aikin ceto, gama ba wanda ya fi su sanin ruwan. Makarantar koyon aikin lafiya da ke Kankiya tana iya tura ɗalibanta su dubi katantanwar wurin su kuma gwada yaran lokaci-lokaci. Malaman wasanni na makarantun sakandare su riƙe agogo da littafi. A kan tsawon lokaci kuma, ya dace Gwamnatin Jiha ta dubi yiwuwar gina ƙaramin kwami mai mita 25 a ɗaya daga cikin makarantun yankin, a cika shi da ruwan burtsatse a sa masa sinadarin kilorin, wanda ke kashe tsutsar tsargiya. Irin wannan kwami da ke kewaye da katanga shi ne kuma zai ba 'yan mata damar koyo a lokacinsu na musamman, da suturar da ta dace, ƙarƙashin kulawar mata, domin su ma suna shiga jirgin ruwa, su ma suna zuwa wanki bakin dam.

Ba lalle ne a ga ɗan Kusada a Olamfik nan kusa ba, sannu ba ta hana zuwa. Amma in har aka shimfiɗa igiyar mita 50 a bakin ruwa bayan damina mai zuwa, aka sami babba ɗaya da agogo da wani cikin kwale-kwale, to yaron nan da muka gani yana tsunduma shi kaɗai zai san tsawon da ya yi da lokacin da ya ɗauka, mahaifiyarsa kuma za ta san inda yake da wanda ke dubansa. Muna fata shugabannin ƙananan hukumomin biyu da hakimai da masu unguwanni za su dubi wannan shawara tun kafin ruwa ya sake cika.